Dutsen Solutré: yadda aka yi farautar dawakin dawa a zamanin ƙanƙara

1. Mafarin magana

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga wani aikin fassara. Muna cikin mayar da wani darasi na tarihin mutanen farko daga Faransanci zuwa Hausa, domin makarantun da ake koyarwa da harshe biyu, sai muka iske wani hoto da da yawa daga cikinmu suka sani tun suna lakwal: wani dogon dutse mai tsini, mutane sanye da fatu suna ihu a bisansa, dawaki kuma suna zubowa ƙasa daga ƙololuwarsa, ƙafafu sama. Bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya ce haka mutanen zamanin dutse su ke farautar doki a Solutré, cikin ƙasar Faransa.

Mai fassara ba alƙali ba ne, amma bai kamata ya zuba wa yara abin da masana suka daɗe da watsarwa ba. Da muka bi diddigin maganar, sai muka tarar ba daga tonon ƙasa hoton ya fito ba, daga wani ƙagaggen labari ne. Abin da ya rushe shi kuwa, bayan ƙasusuwan da aka tono, shi ne sanin halin doki kansa: abin da ya ke ci, inda ya ke sha, da yadda ya ke gudu in ya firgita. Wannan shi ne abin da za mu duba. Amma tun da yake aikinmu na harshe ne, sai mun fara daidaita kalmomi.

2. Kalmomin da muka zaɓa

Kalmar farko ita ce ƙanƙara. A Hausa tana nufin wadda ke faɗowa da ruwan sama, tana nufin ruwan da ya daskare, tana kuma nufin dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi. Wanda ya ji «zamanin ƙanƙara» yana iya ɗauka zamanin sanyi ake nufi, yana kuma iya ɗauka zamanin makaman dutse ne. An yi sa'a duka biyun gaskiya ne a nan, domin mutanen da mu ke magana a kansu sun rayu cikin sanyi, kuma da dutsen ƙanƙara su ke yin wuƙaƙensu da tsinin masunsu. A wannan rubutu, in mun ce zamanin ƙanƙara, na sanyi mu ke nufi; in dutse ne, za mu ce dutsen ƙanƙara.

Ta biyu ta fi wuya. Hausa tana da doki, goɗiya, ingarma, duƙushi, amma dukansu sunayen dabbar gida ne. Ba abin mamaki ba ne: doki ya iso ƙasashenmu da linzami a baki. Zanen da ke jikin duwatsun Abzin yana nuna shi tare da mutum yana riƙe da igiyarsa, ko yana jan karusa kamar a Iwelen. Kakanninmu ba su taɓa saninsa a matsayin naman dawa ba. Don haka muka bi sawun «jakin dawa» muka ce dokin dawa, wato wanda ba a taɓa horar da shi ko kakanninsa ba. Wanda kuwa asalinsa na gida ne, ya kuɓuce ya koma daji kamar dawakin da ke yawo a yammacin Amurka, mun kira shi sakakken doki. Za a ga amfanin wannan bambanci can gaba.

Sauran ba su da wahala. Dabbar da Faransawa ke kira renne mun ce mata barewar ƙanƙara, mammouth kuma giwa mai gashi, bison kuwa ɓaunar arewa.

3. Ƙasar da dokin ya rayu a cikinta, da halinsa

Lokacin da sanyi ya kai matuƙa, tsakanin shekara 26.000 da 19.000 kafin yau, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da mafi yawan Kanada. Ruwan da ta riƙe ya sa teku ya ja baya da wajen metir 120, har ana iya tafiya a ƙasa daga Faransa zuwa Ingila, daga Sabiriya kuma zuwa Alaska. Kudu da ƙanƙarar akwai wani makeken sarari na ciyawa da ƙananan tsirrai, wanda ya tashi daga Sipaniya har zuwa Yukon a Kanada. Masanin dabbobin da na Alaska, Dale Guthrie, shi ya yaɗa sunan da aka san shi da shi, wato sararin giwa mai gashi.

Ya kamata mai karatu ya cire wa ransa hoton ƙasa mai dusar ƙanƙara har gwiwa. Sararin nan busasshe ne, ruwan sama kaɗan ne, iska mai ƙarfi, rana tana fitowa sosai, itatuwa ba su da yawa sai a kwaruruka. Ɗan Sahel zai gane shi fiye da Bafaranshen yau, in dai aka musanya zafi da sanyi. Manyan dabbobin da suka fi yawa a cikinsa uku ne: giwa mai gashi, ɓaunar arewa, da doki.

Me ya sa doki ya ji daɗin irin wannan ƙasa? Amsar tana cikin cikinsa. Saniya da ɓauna da barewa suna tuƙa: abinci yana daɗewa a tumbinsu, suna tatse amfaninsa sosai, amma ba su iya gaggauta shi. Doki ba ya tuƙa. A can ƙarshen hanjinsa ne ciyawa ke narkewa, kuma tana wucewa da sauri. Abin da ya ke samu daga kowane dami bai kai na saniya ba, amma yana ramawa da yawan ci, har yakan shafe awa 15 ko 16 a yini yana kiwo. Saboda haka busasshiyar ciyawa mai tauri, wadda mai tuƙa zai rame a kanta, doki yana rayuwa da ita muddin tana da yawa. Haƙoransa dogaye ne, suna jure ƙasa da tsakuwar da ke haɗe da ciyawa. In dusar ƙanƙara ta rufe fili, yana tone ta da kofato, kamar yadda dawakin Yakutiya a Sabiriya ke yi har yanzu.

Amma wannan tsari yana da farashi, kuma a nan ne maharbi ke samun ƙofa. Doki mai yawan shan ruwa ne, ba ya nisa da mashaya. Yana kuma bin hanyoyi sanannu, tsakanin makiyaya da ruwa kowace rana, tsakanin kwari da tudu kowace shekara.

Zamansa ma yana da tsari. Abin da aka gani wajen dawakin Mongoliya da sakakkun dawaki shi ne ba su zama cikin babban garke ɗaya. Suna kasuwa gida-gida: ingarma guda, goɗiyoyi kaɗan, da ƴaƴansu, sau da yawa ba su wuce goma ba. Samarin da aka kora daga gida suna haɗuwa su yi nasu garken na tuzurai. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, tana haihuwa farkon lokacin ɗumi, shi ya sa haƙoran duƙushi ke iya gaya wa mai bincike lokacin shekarar da aka kashe shi. In gida ya firgita, yawanci wata babbar goɗiya ce ke gaba, sauran su bi ta a jere, ingarma kuma ya tsaya baya tsakaninsu da abin tsoro. A riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin abin da ke tafe.

Girman dokin ya bambanta da wuri da zamani. Na Solutré gajere ne, kakkaura, wajen metir 1 da santimetir 40 a kafaɗa. Kamanninsa kuwa ba sai an yi hasashe ba: a shekarar 2018 an tono wani duƙushi cikin daskararriyar ƙasa a ramin Batagaika, a Yakutiya, da fatarsa da gashinsa da kofatansa, bayan ya shekara kimanin 42.000 a kwance.

4. Solutré

Dutsen Solutré yana yankin Bourgogne, ƴan kilometir kaɗan yamma da garin Mâcon da kogin Saône. Ƙololuwarsa tana metir 493 bisa teku. Ta gefe guda ana hawansa a hankali, ta ɗaya gefen kuma ya yanke tsaye kamar bango. (Waɗanda suka bi labaran Faransa a shekarun 1980 za su tuna shi: shi ne dutsen da shugaba François Mitterrand ke hawa kowace shekara, ƴan jarida na biye da shi.) A shekarar 1866 wasu ƴan yankin biyu, Adrien Arcelin da Henry Testot-Ferry, suka fara tono a gindinsa, a wani wuri da ake kira Crot du Charnier. Abin da suka samu ya girgiza masanan lokacin. Ƙasusuwan dawaki ne jibge, a wani wurin sun manne da juna kamar kankare, kaurinsu ya kai metir guda ko fiye, faɗinsu ya wuce hekta ɗaya. Kiyasin da aka yi na yawan dawakin ya kama daga 32.000 zuwa 100.000. An kuma samu wasu makaman dutsen ƙanƙara masu siffar ganye, sirara, masu kyawun sassaƙa, har Gabriel de Mortillet ya ba wani zango na tarihin mutanen farko sunan wurin.

Tambayar da ta taso ita ce: ta yaya mutane marasa bindiga, marasa abin hawa, suka kashe dawaki masu yawa haka? A 1872 Arcelin ya fitar da wani ƙagaggen labari mai suna Solutré ou les chasseurs de rennes de la France centrale, da sunan aro Adrien Cranile, wanda ya samu ta hanyar jujjuya haruffan sunansa. A cikinsa ne mafarauta ke kora dawaki su hau dutsen, su tura su ta bakin yankakken gefen. Labari ne na nishaɗi, amma hoton ya fi littafin tsawon rai. Ya shiga littattafan yaɗa ilimi, daga nan ya shiga na makaranta, ya ƙetare teku ya zo har wurinmu. Ba laifi mu ambata a gefe cewa a 1866 ɗin ne aka halatta sayar da naman doki a Paris, kuma a ƙawanyar da Jamusawa suka yi wa birnin a 1870 zuwa 1871 mutanensa sun ci dawaki da yawa. Ga masu karatun Arcelin, doki abinci ba baƙon tunani ba ne, yadda ya ke gare mu.

Tonon da Jean Combier ya jagoranta daga 1968, da nazarin ƙasusuwan da Ba'amurkiya Sandra Olsen ta buga a 1989, su suka kawo ƙarshen labarin a wurin masana. Hujjar farko ita ce wuri. Ƙasusuwan ba ƙarƙashin inda dutsen ya fi tsawo su ke ba. Suna can gefe, a kan gangaren kudu maso gabas, inda dabbar da ta faɗo daga ƙololuwa ba za ta sauka ba. Ta biyu, ba su nuna irin karayar da ake gani a jikin dabbar da ta faɗo daga sama.

Hujja ta uku ita ce ta fi jan hankalinmu, don ta halin dabba ce. Farauta ta hanyar tura garke cikin rami abu ne da aka yi da gaske a duniya. Ƴan asalin Amurka ta arewa sun yi ta shekaru dubbai, misali a wurin da ake kira Head-Smashed-In a Alberta. Amma ɓauna su ke turawa. Ɓaunar arewa tana taruwa ɗari-ɗari, tana gudu a cunkushe, na gaba ko sun ga ramin ba su iya tsayawa don na baya suna danno su. Gidan dawaki na kai takwas ko goma ba shi da wannan nauyi. Goɗiyar da ke gaba tana ganin hanya, tana iya juyawa, ingarma yana iya komowa kan masu kora. Ga shi kuma doki yana gudun kilometir 40 a awa ko fiye, mai korarsa kuwa a ƙafa ya ke. A ce mutane sun tilasta masa hawan tudu mai tsawo, zuwa wani tsini da ba mafita, sa'an nan ya yi tsalle, abu ne da duk wanda ya taɓa bin sakakkiyar goɗiya a fili zai yi wa dariya.

To, yaya aka yi? Bayanin Olsen ya dogara ne da shimfiɗar ƙasar. Gabas akwai kwarin Saône, inda dawaki za su samu mafaka da ciyawa lokacin sanyi. Yamma akwai tuddai, inda ciyawa ke tsirowa lokacin ɗumi, nesa da fadama da ƙudaje. Tsakaninsu akwai jerin duwatsu, Solutré na cikinsu, kuma dole dabba ta ratsa ta kwarurukan da ke tsakanin dutse da dutse. Wato burtali ne wanda Allah ya yi. Mafarauta sun san lokacin wucewa. Suna kwanton ɓauna, su bar gida ɗaya ya shigo, sa'an nan su tare gabansa su karkata shi zuwa gindin dutsen, inda bangon dutse da manyan duwatsun da suka gangaro suka yi wani lungu. A nan gudun doki ba shi da amfani, mashi kuma yana isa. Nazarin haƙora ya nuna mafi yawan kisan ya faru ne a lokacin ɗumi na shekara, abin da ya dace da wannan bayani. Dutsen ya yi aiki, amma aikin shinge ya yi.

Saura batun yawa, wanda shi ya ruɗi mutanen ƙarni na 19. Sun ga tulin ƙashi, sai suka zaci kisan kiyashi na rana ɗaya ko na ƴan shekaru. Alhali mutane sun yi ta komowa wurin sama da shekara 20.000, daga wajen shekara 35.000 zuwa 12.000 kafin yau, ban da sawun mutanen Neyandatal da suka riga su. Mu yi lissafin ɗan makaranta: ko da mun ɗauki kiyasi mafi girma, 100.000 a raba da 20.000 ya ba da doki 5 a shekara. Ko gida guda bai cika ba. Gaskiya ne ba a jere aka yi shekarun ba, akwai lokutan da aka bar wurin, akwai waɗanda aka matsa masa. Duk da haka lissafin ya isa ya nuna cewa abin da ya tara ƙasusuwan daɗewa ce.

Abubuwa biyu kuma sun cancanci ambato. Na farko, an samu ƙafafu da ƙasusuwan baya da yawa a haɗe yadda su ke a jikin dabba, kuma sawun wuƙa bai yi yawa ba. Olsen ta fahimci cewa wani lokaci ana kashe fiye da abin da ake iya ɗauka, a zaɓi abin da ake so a bar saura. Wanda ke son ya mai da mutanen farko waliyyan kare muhalli sai ya yi hattara da wannan. Na biyu abin dariya ne kaɗan: a shimfiɗar ƙasar da ta dace da zangon da aka ba sunan Solutré, ƙashin barewar ƙanƙara ya fi na doki yawa. Babban tulin dawakin na zangon da ya gabace shi ne. Arcelin kuwa, duk da ƙagen da ya bari, masana sun saka masa: ƙaramin dokin da ya rayu a ƙarshen zamanin an raɗa masa suna arcelini.

5. Schöningen: dabara ɗaya, zamani mai nisa

Solutré aikin mutane irinmu ne. Amma dabarar ta girme mu. A Schöningen, cikin jihar Basse-Saxe ta Jamus, akwai wata mahaƙar gawayin ƙasa, inda Hartmut Thieme ya tono masu na itace tun daga tsakiyar shekarun 1990. Laka marar iska ce ta adana su. Tsawonsu ya kama daga wajen metir 1 da santimetir 80 zuwa metir 2 da rabi, mafi yawa an sassaƙa su daga ƙananan itatuwan da Faransawa ke kira épicéa. Masassaƙin ya san aikinsa: ya fitar da tsinin daga gindin itacen, inda ya fi tauri, ya kuma kauce wa ɓargon tsakiya. Nauyin mashin yana rinjaya gaba, kamar mashin da ƴan wasa ke jifa da shi. A wani gwaji da aka buga a 2019, ƴan wasan jifa sun samu abin bara daga nisan metir 20 da kwafin waɗannan masu.

Shekarunsu sun sha gyara. Da farko an ce 400.000, daga baya aka tsaya kan 300.000, sa'an nan wani nazari na 2025 ya kawo su wajen 200.000, abin da zai sa su zama aikin mutanen Neyandatal. Ko wanne aka ɗauka, abin da ke kewaye da masun bai canza ba: ƙasusuwan dawaki sama da 50, manya ƙwarai, sun fi na Solutré girma, a bakin wani tsohon tabki. Akwai goɗiyoyi da ƴaƴansu a ciki, wato gidaje aka tare, kuma haƙora sun nuna ba a lokaci ɗaya na shekara aka kashe su ba. An feɗe su, an fasa ƙashi an ciri ɓargo, an kuma yi amfani da wasu ƙasusuwan wajen gyara bakin wuƙaƙen dutse. A nan ruwa da laka ne suka yi aikin da bangon dutse ya yi a Solutré. A Boxgrove ta kudancin Ingila ma an samu inda wata ƙungiya ta feɗe doki guda a bakin ruwa, wajen shekara 480.000 da suka wuce.

A nan ne masana harshe ke shigowa, ko ba a gayyace su ba. Sau da yawa ana kafa hujja da irin wannan farauta a ce lalle mutanen suna da harshe, tun da sun haɗa kai. A ganinmu haɗin kai kaɗai bai isa hujja ba: zaki da kyarkeci suna farautar taro ba tare da kalma ko guda ba. Abin da ya fi nauyi shi ne komowa wuri ɗaya, a lokacin da ya dace, tsara bayan tsara. Wannan yana bukatar a yi magana kan dabbar da ba ta iso ba tukuna, a raba wa mutane wuraren tsayawa tun kafin a gan ta, a kuma gaya wa yaro abin da kakansa ya gani. Magana kan abin da ba ya nan tana cikin alamomin da ke raba harshen ɗan Adam da kukan dabba. Ga mutanen Solutré ba a ma tambaya. Ga na Schöningen kuwa, hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ƙashi da itace ba su adana sauti.

6. Dokin da aka zana

Doki shi ne dabbar da aka fi zanawa a kogunan dutse na Faransa da Sipaniya, wajen kashi ɗaya cikin uku na dabbobin. A Lascaux, wanda aka gano a 1940, dawaki sun haura 300, alhali ƙasusuwan abincin da aka samu a ƙasan kogon kusan duka na barewar ƙanƙara ne, ita kuwa sau ɗaya tak aka zana ta. Ke nan zanen ba jerin abinci ba ne. Abin da ya tabbata shi ne masu zanen sun ƙare wa dabbar kallo: gajeriyar geza a tsaye, babban kai, farin ciki, kaurin gashin lokacin sanyi.

A kogon Pech Merle akwai dawaki biyu masu ɗigo-ɗigo, waɗanda aka daɗe ana cewa alama ce ta tsafi ko ƙawa. A 2011 nazarin ADN na tsofaffin ƙasusuwa ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke kawo irin wannan launi tana nan a jikin wasu dawakin Turai na wancan zamani. Amma launukan dokin dawa kaɗan ne. Yawansu ya ƙaru ne bayan an mai da doki dabbar gida, mutane suka shiga zaɓe. Jerin sunayen da Hausa ke alfahari da su, akawal, kili, bidi, hurde, danda, gunya, ƙamus ne na barga.

7. Bayan ƙanƙara

Wajen shekara 11.700 da suka wuce duniya ta ɗumama. Daji ya rufe Turai, fadama da gansakuka suka cinye arewacin Sabiriya da Alaska, sararin ciyawa ya tsattsage. A nahiyar Amurka, wadda ita ce mahaifar dangin doki tun fiye da shekara miliyan 4, ya ƙare ƙaf, sai da Sipaniyawa suka komo da shi. Ana gardama kan rabon mutum da rabon yanayi cikin wannan ƙarewa. An san an farauce shi: a Wally's Beach ta Alberta an samu dawaki 7 da aka feɗe wajen shekara 13.300 kafin yau. Amma Guthrie ya nuna a 2003 cewa dawakin Alaska sun yi ta ƙanƙancewa kafin su ɓace, alamar abincinsu ne ke raguwa.

A Turai da Asiya ya tsira, musamman a sararin ciyawar da ya rage daga arewacin Bahar Aswad zuwa Mongoliya. Nazarin da ƙungiyar Ludovic Orlando ta Toulouse ta buga a 2021 ya nuna cewa dawakin gida na yau, har da namu, sun fito ne daga yankin ƙasan kogunan Volga da Don, kuma sun fara bazuwa wajen shekara 2200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba jikokin dawakin Solutré ba ne.

Wanda ya rage shi ne dokin Przewalski, wanda Mongolawa ke kira takhi. An yi masa ganin ƙarshe a daji a 1969, ya tsira a gidajen dabbobi daga kakanni goma sha kaɗan, aka fara mai da shi Mongoliya a 1992. A 1993 aka saki wasu a Le Villaret, bisa tudun Méjean a kudancin Faransa, aka bar su suka sake koyon zaman gida-gida da faɗan ingarmu, kafin a kai zuriyarsu Mongoliya a 2004 da 2005. Da yawa daga abin da muka faɗa kan halin doki a sashe na 3 daga kallon irinsu aka samo shi.

Sai dai shi ma ya jawo mana matsalar suna. A 2018 nazarin ADN ya nuna cewa dawakin Botai, wani tsohon mazauni a arewacin Kazakistan na wajen shekara 5.500 da suka wuce, su ne kakannin dokin Przewalski. In mutanen Botai kiwon dawakinsu su ke yi, kamar yadda masu tonon wurin suka ce, to takhi sakakken doki ne. In kuwa farautarsu su ke yi, kamar yadda wasu masana suka kafa hujja a 2021, to dokin dawa ne na asali. A cikin darasin da muka fassara mun bar shi a dokin dawa, da ɗan bayani a gefe. Hoton dutsen ma mun bar shi, amma mun sauya rubutun da ke ƙarƙashinsa, ya koma: «Yadda wani marubuci na 1872 ya zaci an yi farauta a Solutré».